BMW R26 ɗan 1958: wata goma sha huɗu ina hawansa a Bauchi, ga abin da na gani

Tunda na fara fita da wannan baƙin mashin ɗin, babu ranar da zan tsaya a Wunti ko wajen Gidan Mai ban tara mutane ba. Wani ya ce Oga na sayarwa ne, wani ya durƙusa yana leƙen ƙarƙashi yana neman sarƙa bai gani ba, wani kuma ya rantse min cewa irinsa sojojin Hitila suka hau a yaƙi. To ba haka ba ne, wannan bayan yaƙi aka yi shi da shekara 13, kuma saboda tambayoyin sun yi yawa, wasu har suna cewa in nemo musu irinsa, shi ya sa na ce bari in zauna in faɗi gaskiyar yadda yake, daɗinsa da wahalarsa, kar mutum ya ga ƙyalli ya je ya zuba kuɗinsa a abin da ba zai iya riƙewa ba.

Mashin ɗin na Baffana ne, Allah ya jiƙansa. A gida dai abin da muka taso muna ji shi ne a hannun wani Bature ya saye shi lokacin da zai koma ƙasarsu, kuma ya hau shi shekaru masu yawa kafin ƙafa ta fara ba shi matsala ya tura shi wani ɗaki a bayan zaure, aka jibga masa tsofaffin buhuna da tabarmi. Da aka zo rabon gado babu wanda ya kula shi, har an fara maganar a kira 'yan jari bola su auna, ni kuma na ce a yi masa kuɗi a cire a kasona. Da na goge ƙurar wuyansa na ga ɗan farantin da ke ɗauke da lamba da shekara, R26, 1958, kuma lambar inji da ta firam iri ɗaya ce, ma'ana injinsa ne na asali tun daga masana'anta a birnin Munik, ba a taɓa canja masa zuciya ba.

Kuskuren farko da aka yi a kansa, kuma ina faɗa ne don wani ya kiyaye, na kai shi wurin wani mai gyaran mashin da ya ƙware sosai a kan Boxer da Jincheng, yaro ne mai ƙoƙari ba na ƙi ba, amma wannan ba aikinsa ba ne. Kwana biyu na dawo na tarar ya sa guduma da kurfi yana neman fitar da wani babban noti da ke buƙatar sifana ta musamman, ya cinye masa baki, ya kuma ɗaura batir mai bolt 12 a kan wayarin na bolt 6 ya ƙona kwan fitila da koyil. Raina ya ɓaci ƙwarai ranar, ban yi faɗa ba dai, na sa aka ɗora shi a bayan a-kori-kura muka bar wurin.

Wanda ya tashe shi wani dattijo ne da ke can wajen unguwar Railway, ya yi aiki a kan manyan motoci da tarakta tun zamanin da kamfanin Steyr ke haɗa su a nan Bauchi, yanzu ƙarfi ya ragu yana zaune da 'yan kayan aikinsa a wata rumfa. Da ya gan shi bai taɓa shi ba sai da ya zagaye shi sau biyu, ya ce min, yaro wannan ba babur ba ne, ƙaramar mota ce aka cire mata taya biyu, kuma duk wanda zai buɗe shi da kan mai gyaran babur zai kashe shi. Na ce Baba to ya za a yi. Ya ce ka nemo min littafinsa tukuna, ba na kwance abin da ban karanta ba. Na samo littafin gyaran a intanet, na buga shi a takarda, ni nake karanta masa Turancin shi kuma yana kallon zane yana gyaɗa kai, haka muka yi sati uku muna wannan zaman kafin ya kwance noti ɗaya.

Kuma maganarsa gaskiya ce, don in ka fahimci yadda aka tsara shi za ka ga tunanin mota ne. Mashinan da muka saba da su kiranshaf ɗinsu a gicciye yake, yana juyawa daidai da yadda taya ke juyawa, sai sarƙa ta ɗauki ƙarfin ta kai baya. Wannan kuwa kiranshaf ɗinsa a miƙe yake daga gaba zuwa baya, bayansa kuloci busasshe mai faranti ɗaya irin na mota wanda ba ya wanka a cikin baƙin mai, bayan kuloci giyabos mai giya 4 da ke da nasa man daban, daga nan sai farfela ta bi ta cikin hannun dama na ƙarfen da ke riƙe da tayar baya, a rufe ruf, ta shiga wani ɗan ƙoƙon haƙora da ke juya tayar. Babu sarƙa, babu sufuraket, babu ɗaurin sarƙa duk sati, babu baƙin girisin da ke ɓata ƙafar wando ranar Juma'a. Mu da muke zaune cikin ƙura rabin shekara, wanda ya san yadda yashi da hunturu ke cin sarƙa zai gane girman wannan abu. Wuri uku kake zuba mai, inji daban, giya daban, ƙoƙon baya daban, kuma tun mashin ɗinsu na farko, R32 na 1923, BMW suka fara wannan tsari na farfela.

Ga wani ruɗani da nake yawan gyara wa mutane. In aka ce bokza a wajen BMW ba Boxer na Bajaj ɗan Indiya ake nufi ba, sunan wani irin inji ne mai silinda biyu kwance, ɗaya ta leƙo hagu ɗaya dama, fistin suna kai da kawowa kamar 'yan dambe. Manyan mashinansu ke da wannan. Nawa ba shi ba ne, silinda ɗaya ce a tsaye, cc 247, faɗin fistin milimita 68, tafiyarsa ma milimita 68, ƙarfin doki 15.

Dalilin da ya sa kamfanin da ya yi suna da manyan injina ya koma yin ɗan ƙarami haka shi ne ɓangaren da ya fi taɓa ni a tarihinsa. Da aka gama yaƙin duniya na biyu a 1945, masana'antarsu ta Munik bom ya ragargaza ta, injinan aikin da suka rage kuma aka kwashe da yawa a matsayin diyyar yaƙi, tunda su ne suke ƙera wa jiragen yaƙin Jamus inji. Ɗaya masana'antar tasu ta garin Aizenak, inda aka mayar da aikin babura lokacin yaƙi, ta faɗa ɓangaren da Rasha ke riƙe da shi, da kayan aikin da zane-zanen duka. Sai da ta kai BMW tukwanen girki suke yi don ma'aikata su samu na abinci. Da aka zo aka ba su izinin yin babur kuma aka ce kar ya wuce cc 250. Ba su da zane, sai suka nemo tsohon R23 na kafin yaƙi suka wargaza shi, suka auna kowane ƙarfe ɗaya bayan ɗaya suka sake zanawa, daga nan R24 ya fito a ƙarshen 1948, doki 12, ko shokazoba babu a bayansa. Su kuma can Aizenak suka ci gaba da yin babura da sunan BMW har sai da aka yi shari'a, a 1952 suka koma EMW, tambarin ya tashi daga shuɗi da fari, launin jihar Bavariya, ya koma ja da fari. Saboda haka in wani ya kawo maka tsohon mashin mai jan tambari ya ce BMW ne, ɗan uwansa ne na Jamus ta Gabas.

Daga R24 aka yi R25 a 1950, sai R25/2, sai R25/3 wanda aka yi guda 47,700 tsakanin 1953 da 1956, lokacin talakan Jamus bai da kuɗin mota, babur ne abin zuwa aiki. R26 ya fito a 1956 aka ci gaba da yin sa har 1960, kimanin guda 30,000. Amma ya zo a mugun lokaci, don mutane sun fara samun kuɗi kowa ya koma son ƙaramar mota mai rufi, cinikin baburan BMW ya faɗo daga kusan 30,000 a 1954 zuwa ƙasa da 6,000 a 1957, har a Disambar 1959 saura ƙiris a sayar da kamfanin ga masu Marsandi, sai da wani attajirin Jamus mai suna Herbert Quandt ya zuba kuɗinsa ya riƙe shi. Ke nan nawa an haɗa shi ne a shekarun da kamfanin ke numfashi sama-sama, kuma duk da haka ba su rage ingancin ko wasa ɗaya ba, ka duba farin layin da ke jikin tanki da modigad, da hannu aka ja shi da buroshi, har yau yana nan in ban da inda gwiwar Baffa ta goge.

To mu dawo rumfar Baba. Da ya buɗe injin abin da ya fi tsayawa a kai wani ɗan faranti ne da ke manne da kiranshaf. Wannan inji ba shi da filtar mai irin wadda muka sani, wannan farantin ne ke karɓar mai yana juyawa da gudu, dattin ya maƙale a lungun bakinsa, mai tsaftar ya wuce zuwa boris ɗin konrod. Dabara ce mai kyau amma tana da sharaɗi, in lungun ya cika da datti mai ya daina wucewa, boris ya ƙone, kuma ba ka da hanyar wanke shi sai an sauke inji an fitar da kiranshaf gaba ɗaya. Namu ya cika dam da wani baƙin abu mai tauri kamar kwalta, Baba ya sa tsinke yana kankarewa ya ce da mun tayar da shi a haka ko Dass ba za mu kai ba. Duk wanda ya samu irin wannan mashin a ajiye, ina roƙonsa don Allah kar ya yi gaggawar jin kukansa, a fara duba wannan farantin. Ni yanzu mai kauri nake sa masa, lamba 40, kuma duk kilomita 1,000 nake juyewa, ai lita ɗaya da kwata ne kawai yake sha.

Tayar da shi ma sai an koya. Makullinsa kamar ƙusa yake, a saman kan fitila ake soka shi a danna. Kik ɗin yana hagu kuma ba baya yake tafiya ba, gefe yake fita, saboda haka a tsaye kake tsayawa kusa da shi ka taka. Ka buɗe fetur, ka ɗan danna maɓallin kafireta har mai ya cika, kafiretar Bing ce ta asali, ka taka sau biyu makulli a kashe, ka soka makulli ka taka na uku. In komai na daidai zai kama, ya zauna a silo yana tuk tuk tuk a hankali kamar ana daka a gida mai nisa, in ka ɗan murɗa mai kuma sai ka ji duk mashin ɗin ya ɗan karkata gefe saboda yadda kiranshaf ke juyawa. Wannan sautin ni dai ban gaji da jinsa ba har yau.

Tafiya mafi nisa da na yi da shi Gombe ce, kilomita 150 da wani abu. Na fita bayan asuba na bi ta Kangere, na haye gadar Dindima rana na fitowa, na tsaya Alkaleri na sha shayi na taɓa inji na duba ko akwai ɗigon mai, na wuce. A takarda an ce yana kai 128 a awa, ni ban taɓa neman wannan ba, tsakanin 75 da 85 nake riƙe shi kuma a nan yake jin daɗinsa, ya wuce 90 sai karkarwa ta fara shiga hannu da tafin ƙafa har madubi ya daina nuna komai. Wannan aibi ne na gaske kuma su ma BMW sun sani, shi ya sa a R27 da ya gaje shi daga 1960 zuwa 1966 suka ɗora injin a kan roba suka ƙara masa ƙarfi zuwa doki 18. Amma inda ya burge ni shi ne wuraren da kwalta ta fashe. Gabansa ba irin shokazoba mai shiga da fita da muka saba ba ne, wani tsari ne na wani Baturen Ingila mai suna Ernie Earles, tayar gaba tana kan hannu mai lilo kamar ta baya da shokazoba biyu, sai ka shiga rami ka ji kamar an shimfiɗa maka katifa, ga kujerar kuma mai zaman mutum ɗaya da nata abin lilon a ƙasa. In ka taka birkin gaba kansa ba ya nutsewa, ɗagowa ma yake ɗan yi, ranar farko abin ya ba ni mamaki. Na isa Gombe bayana bai yi ciwo ba, abin da ban taɓa samu a kan wani mashin ba. Tankin lita 15 ne, kuma da na lissafa abin da ya sha zuwa da dawowa bai wuce lita 3 da rabi a duk kilomita 100 ba, Boxer ya fi shi tsimin mai nesa ba kusa ba, amma ga abin da ya haura shekara 60 ban ga abin ƙorafi ba.

Cikin gari kuwa labarin daban ne. Nauyinsa kilo 158, kansa na da nauyin juyawa, giyarsa ba ta son gaggawa, sai ka matse kuloci ka ɗan jira ka taka a hankali ka ji ƙwas, in ka yi mata irin shigar 'yan acaɓa za ta yi ƙara har mutane su waigo. Birkin ganga ne gaba da baya, yana kamawa amma sai ka fara shiri tun daga nesa, kuma a cunkoson Muda Lawal da yamma inda Keke Napep ke yanko maka ta ko'ina wannan ba ƙaramin abu ba ne, na daina bin wurin da shi gaba ɗaya. Wajen tashi daga danja duk wani ɗan roba-roba zai wuce ka ya bar ka.

Babbar matsalarsa a wurina wuta ce. Bolt 6 ne, dainamo ƙarami, fitilar da daddare kamar aci-balbal, ga manyan motoci na haske maka ido a hanyar Jos. Kuma da batir yake ba fulogi wuta, batir ya mutu ka taka kik har ka gaji ba zai tashi ba. Batir mai bolt 6 kuwa neman sa a Bauchi aiki ne, na zagaye shagunan kayan mashin ban samu wanda ya dace ba sai daga Kano aka aiko min. Akwai masu mayar da shi bolt 12, Baba ya ce zai iya, ni ne dai har yanzu zuciyata ba ta yarda a taɓa masa wayarin na asali ba, sai na zaɓi in daina tafiyar dare.

Kayan gyara su ne za su gwada haƙurinka da aljihunka. Taya ba matsala, inci 18 ce ana samu, kuma ta gaba da ta baya iri ɗaya ne za ka iya musanya su. Boris da yawa lambarsu irin ta ko'ina ce, mun samu a wajen masu kayan injin niƙa da janareta. Kebul na kuloci da na birki an haɗa mana a nan, gasket Baba da kansa ya yanka da takardar gasket, notin da aka cinye wa baki kuma wani mai juya ƙarfe ya yi mana sabo. Amma ringi, bawul, kontak, koyil, robobin da ke hana mai zuba, duk sai daga Jamus, har yanzu akwai masu yin su sababbi a can, sai dai da Yuro ake biya, ga kuɗin aikowa, ga jira, wani ƙaramin kwali sai da ya yi sati bakwai kafin ya iso hannuna ta wajen wani ɗan uwa da ke Abuja. In na haɗa duk abin da na kashe ya haura kuɗin sabon mashin na shago, kuma ban sa ladan Baba a ciki ba, wanda ma abin da ya karɓa bai kai rabin wahalar da ya sha ba, Allah ya saka masa da alheri.

Abin da ya sa ban yi nadama ba shi ne komai na jikinsa an yi shi ne don a kwance a gyara a mayar. Babu roba mai karyewa, babu abin da aka liƙe da gam aka ce in ya lalace ka jefar. Murfin bawul noti ɗaya ne ka buɗe ka saita, akwatin sifanu a jikin tanki yake, firam ɗin har da wurin ɗaura kwandon gefe na ɗaukar mutum. Mashin nawa muka gani a garin nan da shekara biyar ta mayar da su gwangwani? Wannan ya kwana a ƙarƙashin buhuna shekara da shekaru, da aka auna silindarsa gyara kaɗan ta nema.

Masu cewa in nemo musu, ga amsata. In abin hawa kake so na kai yara makaranta da zuwa kasuwa da neman na cefane, ka sayi Boxer ɗinka ka huta, kowane lungu akwai mai gyaransa. Wannan sai wanda yake da wani abin hawan daban, yake da wurin ajiya mai rufi, kuma ya riga ya san hannun da zai ba, don irin su Baba ba su da yawa kuma tsufa na cim musu. Shi ya sa duk Asabar nake zuwa rumfar da ɗan ƙanena mai shekara 16 yana riƙe masa sifana, yanzu ya iya saita bawul da kontak da kansa. Masu tayi kuma su yi haƙuri, wani Alhaji daga Jos ya yi min tayi har sau uku, ba na sayarwa ba ne.

Yanzu haka ma yana rumfar, robar ƙoƙon baya ta fara ɗigo tana neman jiƙa birki, Baba ya ce kar in sake in hau shi a haka. Na yi odar sabuwa tun watan jiya, in ta iso kafin damina ta kankama ina so in gwada shi a hanyar Dass zuwa Tafawa Balewa, in ga yadda giya ta uku za ta yi da hawan duwatsun can.